Waiwaye: Lasisin da Muka Goge da Hannunmu

Duk wanda ya yi hulɗa da shagunan buga takardu na bakin babbar hanya, daga Gidan Rumji zuwa Aguié har Gazawa, zai tuna zamanin Windows XP. Faifai ɗaya ne ke yawo hannu zuwa hannu, an rubuta haruffa da lambobi 25 a bayan jakarsa. Da shi ake ɗora wa kwamfutar malamin makaranta, da shi ake ɗora wa ta mai shago. Tun 2001 kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tantance lasisi, amma a ƙauyukan da intanet bai kai ba, wa zai tambaya?

Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga Maraɗi, Katsina ko Kano da lasisinsu na halal suke zuwa. Mai ita na farko a Turai ya riga ya biya. A zamanin XP da Windows 7, lambar tana kan 'yar takarda a liƙe ƙarƙashin na'urar. Zafi da ƙura suka cinye wasu, wasu kuwa mu muka ɓamɓare su don kwamfuta ta yi kyan gani. Daga Windows 8 a 2012 aka koma binne lambar cikin uwar allon na'urar, inda ido ba ya gani. Sai mai gyara ya goge komai, ya ɗora Windows nau'in Pro a kan na'urar da lasisinta na nau'in Home ne, lambar ta ƙi karɓa, ya nemo manhajar fasa ƙwauri ya rufe bakin gargaɗin rashin lasisi. Mai kwamfuta ya biya kuɗin aiki ya tafi yana godiya, bai san ya ba da na halal ya karɓi na sata ba, wani lokaci har da ƙwayar cuta a ciki.

Dama ta zo ranar 29 ga Yuli 2015: mai Windows 7 ko 8.1 na gaske zai hau Windows 10 kyauta. An ce shekara guda, amma tsofaffin lambobin sun ci gaba da aiki har Satumba 2023, lokacin da aka rufe ƙofar. Wanda ya ɓamɓare takardarsa, shekara takwas na rangwame suka wuce shi.

Ban ɗora laifin duka a kan masu gyara ba. Da yawansu da ido suka koyi sana'ar, kuma mai kaya so yake a gama masa kafin motar kasuwa ta tashi.

Yanzu Windows 10 ma ya daina samun kariyar da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya hawa yawancin tsofaffin na'urori. Za a sake tururuwa wurin masu gyara. Don Allah, kafin ka bari a goge kwamfutarka, sa a duba maka ko Home ce ko Pro, a mayar da irinta. Haɗa lasisin da asusunka na Microsoft, domin sauya uwar allo na iya kashe shi, alhali ƙara RAM ko sauya faifan ajiya yawanci ba ya taɓa shi. In kuwa na'urar ta tsufa, a ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows. Ba sa neman lamba, ba sa neman ko dala.