A Bar Wa Tsoho Kayan Aikinsa

  

Abin da ya sa na rubuto yau wani fim ne da na kalla daren Asabar, sunansa Renoir, Faransawa na furta shi Renwar. Gilles Bourdos ne ya shirya shi, ya fito a 2012. Labarin Pierre-Auguste Renoir ne, ɗaya daga cikin masu zanen nan da suka bar bin layi daki-daki, suka koma kama haske da launi yadda ido ya fara ganinsu. Fim ɗin ya tsaya a kan shekarar 1915, a gidan gonarsa da ke Cagnes-sur-Mer, kusa da birnin Nice. Lokacin yana da shekara 74, matarsa Aline ta rasu a wannan shekarar, ciwon gaɓoɓi ya kanannaɗe masa yatsu, ƙafa ta daina ɗaukarsa. Ga kuma yaƙin duniya na farko yana ci, 'ya'yansa biyu, Pierre da Jean, duk sun ji rauni a fagen fama. Amma duk da haka gari na wayewa sai a sa masa burushi a hannu, ya kama aiki.

Abokina da muka kalla tare cewa ya yi wannan ai son kai ne, ana kashe samari a ramukan yaƙi, tsoho na zaune a gindin zaitun yana haɗa launi. Ni kam ban yarda ba. To me zai yi? Bai isa ya tsayar da yaƙi ba, ko ɗansa Jean ma bai iya hana shi komawa ba, da ƙafarsa ta yi sauƙi sai ya shiga rundunar sojan sama. Abu ɗaya ne ya rage a ikonsa, wato sana'arsa, ita ce ke ba shi dalilin tashi da safe. Haka ya yi ta yi har ya mutu ran 3 ga Disamba 1919. Jean ɗin nan kuwa shi ne ya zama babban mai shirya fim, ya yi La Grande Illusion a 1937 a kan wannan yaƙin.

Sai dai akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Tsohon nan ba shi kaɗai ya yi ba. Matan gidan ne ke ɗaukarsa a kujera su kai shi wurin aiki, su yi masa wanka, su naɗe masa hannu da ƙyalle. Ba don su ba, da ba a samu zane ko ɗaya ba.

Nan ne na tuna da Baba. Yaya, ka yi mini afuwa, amma maganar da ka yi a waya cewa a kwashe masa zare da allura tunda hannu na rawa, ban goyi bayanta ba. Hular da a da yake gamawa a mako biyu, ko wata uku za ta ɗauke shi yanzu, a bar shi ya ɗinka. Ba kuɗinta muke nema ba. Na sani kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ku ne ke ɗawainiya ni ina nesa ina surutu. Don haka kuɗin ganin likitan ido da tabarau a kaina, cikin jikoki kuma a samu mai zura masa zare.

Wanda zai nemi fim ɗin, a sani akwai tsiraici a ciki, ba na kallo da yara ba ne.

A gaishe mini da Inna da kyau. Sai na ji daga gare ku.