Waiwaye: Daga Matatar Mai Zuwa Ƙamus Na Cikin Waya

Duk mai bin hanyar Kachia daga Sabon Tasha ya san matatar mai ta Kaduna, amma ba kowa ke tuna cewa kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980. Kafin nan ma, tun shekarun 1960, da hannun Japanawa aka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kakuri. Iyayenmu sun yi aiki tare da su, ana fahimtar juna da Turanci da nunin hannu, har aka rabu Japananci bai kama ƙasa a garin ba.

Ban ga laifinsu ba. Mai niyyar koyo a wancan lokaci sai dai ƙamus na takarda, irin na Nelson da ya fito a 1962. Kafin ka gano harafin kanji guda ɗaya, sai ka tantance jigonsa cikin jigogi 214, ka ƙirga zanensa, sannan ka shiga laluben shafi. Ga shi kuwa haruffan da gwamnatin Japan ta tsara don amfanin yau da kullum sun kai 2,136 a yau. Wa ke da wannan sukunin bayan ya tashi daga aiki?

Na'urorin ƙamus na aljihu, irin Wordtank na Canon da EX-word na Casio, sun rage wahala, sai dai akwai tsada, kuma yawancinsu don Japanawa aka ƙera su. Wanda ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne Jim Breen na Jami'ar Monash a Ostareliya. A 1991 ya fara tara kalmomi a kundin EDICT kyauta, wanda daga baya ya zama JMdict. A kansa ƙamusoshin cikin waya Jisho da Takoboto suka ginu.

Yanzu matashin da ke harin tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, yana da abin da iyayensa ba su samu ba, sai dai zaɓin na buƙatar natsuwa. Jisho sai da data, Takoboto kuwa yana aiki ko babu sabis, kuma wanda ya san yadda data ke ƙarewa a tsakiyar wata ya san wanne zai fara saukewa. Manhajar da ake haska wa rubutu ta fassara nan take tana fitar da mutum kunya, amma ba ta barin komai a ka. Gara wadda za ka zana harafin da yatsa, domin hannu na taya ƙwaƙwalwa riƙewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sauti. Japananci na bambanta dogon wasali da gajere, yana ninka baƙi, murya na hawa tana sauka a cikin kalma. Kunnen mai jin Hausa ya saba da duk wannan tun yana goye, alhali Bature sai ya sha fama. Saboda haka a nemi ƙamus mai furta kalma a ji, mai kawo ta cikin jimla, a kuma haddace haruffan hiragana 46 tun makon farko, a daina jingina da rubutun boko.