Kai iyali Dabus ya dace, amma da shiri

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, akwai duwatsun Dabus, inda mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa biyu bisa dutse. Babban ya wuce mita 5, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6.000 da 8.000. Yaron da ya tsaya gabansu zai gane abin da littafin lakwal ke faɗi: wannan hamada ta taɓa zama ƙasar ruwa da ciyawa.

Don haka ya kamata maigida ya kai iyalinsa. Amma hamada ba ta san wasa ba, ko da tafiyar wuni guda ce.

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne ya dace. Tun jajibiri maigida zai nemi labarin hanya wurin hukuma. In an ce masa ya dakata, ya dakata. Zai gaya wa wani dangi inda za shi da sa'ar da zai komo. A tashi bayan sallar asuba, a juyo tun kafin la'asar. Mato biyu sun fi ɗaya. A ɗauki taya ta ajiya, da mai, da ruwan kwana biyu, domin in mato ta lalace, yara ne ƙishirwa ke fara kayarwa.

Wanda ya ƙi ɗaukar jagora don tsimin kuɗi ya yi arahar banza. Da ɗan gari akan ci gari. Abzinawan yankin sun san inda ake barin kwalta, sun san rijiyoyi, kuma su ne ke tsaron wurin.

Saura haƙƙin dutsen kansa. Dutse ne mai taushi: takawa na cinye shi, rubutun suna kuwa ba ya gogewa. Itacen Tenere ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin rairayi, amma a 1973 wani direba ya ture shi da mato. Abin da ya rage aka kai gidan tarihi na Yamai. Uban da ya hana ɗansa hawa zanen Dabus ya bar wa jikansa abin da zai je gani.