Ra'ayi: Mai koyon rubuta manhaja a gida, Linux ya fi masa Windows na sata

Duk matashin da ya sayi kwamfuta ta hannu don koyon rubuta manhaja a gida, tambayar farko da ke gabansa ita ce wace babbar manhaja zai ɗora mata: ta kuɗi irin Windows, ko ta kyauta irin Linux.

Sau da yawa mai gyara ne ke yanke masa hukunci. Ya ɗora masa Windows da aka fasa makullinsa, ya karɓi na goro. Dalili a bayyane yake. Microsoft na sayar da lasisin Windows 11 Home a kan dala 139, kuɗin da kan kusa kamo farashin tsohuwar kwamfutar kanta.

To amma fasasshen Windows ba abin dogaro ba ne. Ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa, alhali a kansa mai rubuta manhaja zai adana kalmomin sirri da bayanan waɗanda suka ba shi aiki. Ga kuma wata matsalar: tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita.

Wasu za su ce araha ba ta ado. Karin maganar ba ta hau kan Linux ba. Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Finland, yau kuwa a kansa aka gina Android, kuma shi ke riƙe da akasarin manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kansu. Wanda ya rubuta shafi da Python ko JavaScript, da wuya aikinsa bai ƙare a kan Linux ba. Gara ya saba da shi tun daga gida. Ubuntu da Linux Mint suna da sauƙin ɗorawa, Lubuntu kuma na tafiya lafiya a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi.

Linux ma yana da nasa ciwon kan. Wani lokaci ya ƙi gane firinta ko Wi-Fi, kuma Photoshop da Microsoft Office ba sa hawa kansa kai-tsaye. Mai son ƙera manhajar iPhone dole ya nemi Mac, domin Xcode a nan kaɗai yake aiki. Wanda kwamfutarsa ta zo da Windows 11 na halas shi ma bai kamata ya goge ba, tunda akwai WSL da ke ba shi damar gudanar da Linux a ciki.

Ga sauran masu koyo, shawarar ita ce su ɗora Linux a filas su gwada shi kwana biyu ba tare da goge komai ba. Idan ya karɓe su, kuɗin lasisin sai ya tafi wajen ƙarin RAM, sabon batir da data, abubuwan da suka fi tsayar da mai koyo a ƙasar da wuta ba ta da tabbas.