Kwalin Kifin Baga Da Farar Robar Abinci

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Anaca, ya san kwalayen kifi banda da manyan motoci ke saukewa. Da yawansu daga Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri suke tasowa, inda ake tara tarwaɗa da ƙarfasa na Tafkin Cadi. Abin lura shi ne kwalin kansa. Ba don kifi aka yi shi ba. Ya riga ya ɗauki wani kaya, fatake suka saye shi, suka cika, suka ɗaure da igiya. Da wuya a ga kwali mai lafiya a kwata, domin yana da mai saye.

To, a kwatanta shi da farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abinci a ciki, watau tekawe. Sau ɗaya ake ci a cikinta a yar. Ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe, ta bi lambatu zuwa teku, kifi ya haɗiye ɓurɓushinta. Ganin yadda take toshe magudanan ruwa ne Gwamnatin Jihar Ikko ta haramta ta a watan Janairu na shekarar 2024.

Hanin ya dace, amma bai shafi Maiduguri ba. Maiduguri ba ta da teku, sai dai tana da kogin Ngadda, kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta nuna wa kowa cewa abin da aka zuba a kwata yana iya biyo ruwa har ɗakin kwana.

Masu karatu da ke sana'ar bola a Kudu sun fi kowa sanin dalilin da ya sa ake barin tekawe a ƙasa. Kusan dukkanta iska ce. Mutum ya cika buhu, a ɗora a sikeli, ba ta biya wahala ba. Ƙarfe da goran ruwa kuwa ba su kwana.

Saboda haka lalle ne a yi mata kuɗi, ko a daina ta. Kamfanonin da ke yin ta su biya ladan tattaro ta, su kafa injin matse ta a manyan kasuwanni don a sake sarrafawa. Hukumar BOSEPA ta Borno kuma ta zauna da shugabannin kasuwar Baga Road, a mayar da masu abinci ga kwanon da ake wankewa, mai saye ya ajiye ɗan kuɗi, in ya dawo da kwano ya karɓi abinsa.