Hukuncin Tsaya Wa Yaron Da Ba Shi Da Takarda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, wani manomi daga ƙasar Ɗambatta ya aiko yana tambaya a kan samarin da ke gangarowa daga Magarya da Matamaye, waɗansu don karatun allo, waɗansu don ƙodago a lokacin girbi ko noman rani a gefen Tomas. Yawancinsu ba su da takardar komai, kuma tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tsoron kamu ya shiga zukatansu. Shin ya halatta jama'ar gari su tsaya musu?

Amsa ita ce ya halatta, har ma ya kan zama wajibi idan an tabbata za a cuce su. A ranar buɗe Makka, Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib ta ba waɗansu dangin mijinta mafaka alhali ba su musulunta ba, ɗan'uwanta Sayyidina Ali ya nufe su, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya zartar da mafakar da ta bayar. Mai Risala ma ya kawo halaccin amanar mace da ta yaron da ya san ma'anarta. To, idan wannan ne matsayin wanda aka yi yaƙi da shi, ina ga yaro Musulmi wanda ke bin sahu ɗaya da 'ya'yanmu? Kada mu manta Shehu Usmanu kansa a Maratta aka haife shi, wadda yau take cikin Nijar, kuma iyakar nan Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce, ba su shawarci Damagaram ko Kano ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. Bayan tarzomar Maitatsine a Kano a Disambar 1980, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, sai aka riƙa kallon kowane baƙo da zargi, domin shi mutumin daga Marwa ta Kamaru ya fito. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, aka kori wajen mutum miliyan 2, aka maimaita a 1985. Ina yaro a makarantar allo a lokacin, na ga allunan abokan karatunmu jingine a zaure babu masu su. Tun kafin haka, a 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, aka tsallakar da shi Chadi, sai kotu ce ta tabbatar ɗan ƙasa ne. Wanda ke da muƙami ke nan. Ɗan ƙodago wa zai shigar masa ƙara?

Amma fa a fahimce ni, tsayawa ba ɓoyewa ba ce. Shari'a ba ta yarda a yi wa hukuma ƙarya ba, ko a yi wa yaro shaidar zur cewa a nan aka haife shi, balle a rufa wa ɓarawo ko ɗan bindiga asiri a irin wannan zamani. Abin da ya kamata shi ne mai unguwa da liman su rubuta sunan kowane yaro, da garinsu, da sunan mahaifinsa, da malamin ko maigidan da ya lamunce shi, a kai wa dagaci, shi kuma ya isar ga hakimi. In jami'an shige da fice sun zo, dattawa su fito da wannan littafi, su nemi a ba da wa'adi a nemo takardu, kada a kwashi ƙananan yara a zubar a bakin iyaka ba tare da sanin iyayensu ba.

Sai kuma abin da na fi jin tsoro, wanda mai tambaya bai ambata ba. Akwai masu gonakin da yaro zai yi musu aikin damina ɗungurum, in lokacin biya ya zo su tsorata shi da maganar hukuma don ya gudu ya bar haƙƙinsa. Wannan cin haram ne tsantsa, kuma littafin mai unguwa ya kamata ya ƙunshi ladan da aka yi yarjejeniya a kansa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tambayar da ta zo daga Kunci game da zakkar gyaɗa. Wassalam.