Kafin a sayo kwamfuta, a zauna da magatakarda

Kwanakin baya na kai ziyara wurin wata ƙungiyar manoma a ƙasar Rano. Magatakardansu ya buɗe akwati ya fito mini da kwamfutar da aka ba su kyauta, naɗe cikin zane, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. A gefensa kuwa ga littafin makaranta duk ya sha hannu, cike da sunaye da lambobi. Na ce, "Malam, me ya hana ku amfani da ita?" Ya ce, "Yallaɓai, ita tambayar da take yi mini daban, abin da ke tsakaninmu daban."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin dattijon ya faɗi abin da masu tsara manhajoji suke kwashe shekaru suna karantawa. Kafin ka ƙera wa ƙungiya ko kamfani tsarin adana bayanai, sai ka fara zana yadda take gudana: wa ke karɓar kuɗi, wa ke riƙe mabuɗin sito, wa ke auna hatsi, wa ke tsaya wa wani idan zai ci bashi, kuma wa ke da ikon goge abin da aka rubuta. Wanda ya tsallake wannan ya gina ɗaki ne bai auna fili ba.

Ɗauki sunan mutum kawai. Manhajar tana son suna ɗaya. Amma manomi guda a katin banki sunansa da na mahaifinsa ne, a kasuwa da sana'arsa ake kiransa, a unguwa kuma da gidansu. Littafin magatakarda ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta za ta ƙirga uku, ko ta haɗe mutum biyu masu suna iri ɗaya ta ɗora wa wani bashin wani.

Sai gona. Fom yana tambaya: gonarka ce ko ba taka ba ce? A Kibiya da Rano amsar ba ta shiga wannan ƙaramin akwati. Akwai gonar gado da ba a raba ba, akwai aro, akwai haya, akwai jingina. Sau da yawa mai gona daban, mai nomanta daban, wanda ya zuba kuɗin taki daban, kuma kowa yana da rabonsa ranar da aka yi sussuka. Haka ma awo: buhun wani kwano arba'in ne, na wani ya ɗara, ga batun tozo da shafe. Ranar biyan bashi kuma ba kwanan wata ba ce, "bayan kaka" ce, kuma da hatsi za a biya, a kan farashin da ba wanda ya sani tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne matan da ke turara shinkafa da masu ƙuli-ƙuli a cikin gida. Jarinsu na juyawa, adashensu bai taɓa fashi ba, amma wayar da za a yi rajista da ita sau da yawa ta maigida ce. Tsarin da bai tanadi wannan ba ya share rabin masu sana'ar garin tun kafin a kunna shi.

Mun ga misalai a manyan shirye-shirye. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an fito da rabon taki ta saƙon waya, buhu biyu a rabin kuɗi. Dabarar ta yi kyau don ta rage hannun 'yan tsakiya, amma manomin da ba shi da waya ko sabis ya sha wuya. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya zuba kuɗi masu yawa, sai dai an yi ta kokawa da sunayen manoman bogi da wahalar karɓo bashi. Ga kuma masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, maƙwabtanmu, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Tsutsar tumatir ta tsayar da ita a shekarar farko, daga baya kuma samun isasshen kaya da daidaitawa kan farashi suka yi ta ba da wahala, alhali ruwan Tiga na kwarara a gonakin da ke kewaye da ita. Inji yana nan, manomi yana nan. Sanin wa ya shuka me, yaushe zai nuna, nawa aka yi alkawari, shi ne igiyar da ke ɗaure su.

Kada a ɗauka ina kare littafi ne. Littafi na jiƙewa, gara na cin sa, kuma idan magatakarda ya rasu rabin bayanin ya tafi da shi. Banki ba ya ba da rance a kan abin da ke cikin kan mutum ɗaya. Mutanenmu kuma ba sa gudun sabon abu: ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa har mai shayi ya koyi karɓar tiransifa cikin 'yan makonni, saboda abin ya biya masa buƙata.

Muna da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano a nan Rano, wanda aka ware don fasahar karkara da koyar da sana'a. Ina roƙon malamansa su tura ɗalibai, kowane rukuni ya ɗauki ƙungiya ɗaya a Rano, Kibiya ko Bunkure, su zauna da magatakarda da ma'aji da dillali da uwar adashe tun daga shuka har girbi. Su zana tafiyar kuɗi da kaya a kan takarda, su karanta wa 'yan ƙungiya da Hausa, a gyara, a sake gyarawa har kowa ya ce haka muke yi. Sannan a ƙera abin da zai yi aiki a ƙaramar waya, ko babu intanet, ya kuma tura wa kowane ɗan ƙungiya saƙo duk lokacin da aka taɓa lissafinsa. Shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya ɗaukar nauyin kuɗin mota da abincin yaran, kuma masu unguwanni za su buɗe musu ƙofar gidajen da mata ke sana'a.